Ruwan Tiga da Ledar Baffa: Waiwaye a Kan Tarihin Tsufa a Ƙasar Kura da Bunkure

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

A ranin da ya gabata, lokacin da alkama ta fara fitar da kai, na kai ziyara ga baffana, ƙanen mahaifina, a wani ƙauye da ke gefen babbar hanyar ruwa a ƙasar Bunkure. Na isa bayan la'asar. Ko'ina kore shar, kai ka ce tsakiyar damina ce, ga ƙarar babura, ga motoci ana lodin kwandunan tumatir. Na same shi a zaure shi kaɗai a kan buzunsa, carbi a hannu. Gidan nan kuwa ba kango ba ne, domin 'ya'yansa maza uku suna ciki da matansu da 'ya'yansu, mutum ya haura 20. Da muka gama gaisawa na gyara zama a kan tabarma, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, tun ranar Juma'a kai ne na farko da ya zauna a kan tabarmar nan. Kowa durƙusawa yake yi ya gaishe ni, ƙafa ɗaya a waje." Ranar kuwa Talata ce.

A jikin bango, daidai kansa, akwai wata baƙar leda rataye a ƙusa. Na nemi izini na sauko da ita na zazzage. Magani iri 9 na ƙirga, ban da gorar jiƙo da ke jingine a lungu. Wasu daga asibiti a birni, wasu daga kemis ɗin bakin kasuwa, wasu ɗansa da ke aiki a Kudu ne ya aiko, ɗaya kuma maƙwabci ne ya ba shi, wai shi ma ya ji daɗinsa. Hannu huɗu ne suka cika ledar nan, kuma babu hannun da ya san abin da ɗan'uwansa ya zuba.

Tun daga ranar nake tambayar kaina yadda aka yi muka iso nan. Babu wanda ya wulaƙanta dattijon nan. Ana ciyar da shi, ana tufatar da shi, ana kashe masa kuɗi. Abin da ya yi masa ƙaranci shi ne mai zama. Da na bi sawun al'amarin sai na ga tabarmar da babu kowa da ledar da ta cika tarihinsu ɗaya ne, kuma tarihin ya biyo ta cikin ruwan da ya raya wannan ƙasa.

KAFIN ZUWAN RUWA

Wanda ya san Kura a yau da shinkafa zai yi mamaki idan aka ce masa da baba aka san ta. A ƙarni na 19 Kura tana cikin manyan garuruwan rini na ƙasar Kano, kuma rawanin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, da turkudi, sun ratsa Sahara a kan raƙuman Buzaye. Baturen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ga cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa su ne ƙashin bayan arzikin ƙasar. Abin lura a nan shi ne irin aikin da wannan sana'a ta ƙunsa. Gurzar auduga da kaɗi aikin mata ne, kuma tsofaffi ne gwanayen mazari. Saƙa, da ɗinki, da bugu, da tsayuwa a bakin karofi, duk ayyuka ne da ake yi cikin jama'a, baki yana hira hannu yana aiki. Wanda gwiwarsa ta gaza a gona bai gaza a nan ba, sau da yawa ma shi ne wanda ake tambaya ko baba ya nuna.

Shekara kuma kashi biyu ce. Damina ta gona ce. Idan aka yi kaka aka cika rumbu, sai rani ya shigo da sararinsa: bukukuwa, ziyarar dangi, gyaran ɗaki da danga, karatu a zaure, ciyayya da dare inda kowane magidanci zai fito da akushinsa a haɗu a ƙofar dattijon unguwa. Gaskiya ne wasu samari suna tafiya ci-rani, masu fadama kuma suna ɗan lambu da jigo, amma galibin mutane suna da lokaci a hannunsu, kuma tsofaffi su ne suka fi cin moriyarsa.

Sa'annan ga gandu. Uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Uba shi ke riƙe da ƙasa, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa ɗa aure, ɗa kuma yana da gayaunarsa da yake nomawa a lokacin da aka ware masa. A irin wannan tsari ba sai an yi wa ɗa wa'azin zama wurin mahaifinsa ba, domin babu abin da zai yanke ba tare da ya zauna ɗin ba.

Kada in ruɗe ka, ya ɗan'uwa mai karatu, da cewa jiya aljanna ce. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, daga baya kuma a Ɗorayi kusa da birnin Kano a farkon shekarun 1970, ta nuna cewa gandu yarjejeniya ce da ɗa zai iya fita daga cikinta, kuma ya fi ƙarfi a gidan mai gonaki da yawa, ya fi saurin watsewa a gidan matalauci. Tsohuwar da ba ta haifi ɗa namiji ba ta sha wuya a da kamar yadda take sha a yanzu, wadda gigin tsufa ya kama kuma wani lokaci maita ake laƙa mata. Yunwa ta kashe tsofaffi, ciwon da ƙwaya ɗaya take warkarwa a yau ya kashe su. Abin da nake cewa kawai shi ne, tsarin rayuwar da kansa yana tura mutane zuwa tabarmar dattijo, ko suna so ko ba su so.

RUWA YA ISO

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko kuma shi ne Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya riƙe ta har 1975. Mutum ne da ya ɗauki ruwa da muhimmanci ƙwarai. An gina madatsar Bagauda a 1970, aka fara gwajin noman rani a Kadawa, sa'annan tsakanin 1971 da 1974 aka datse Kogin Kano aka gina Tiga, wadda ke iya riƙe ruwa kusan mita-kubik biliyan 2. Ana cikin ginin ne farin 1973 ya auka wa ƙasashen Sahel, dabbobi suka mutu, hatsi ya yi wuya, saboda haka babu mai buƙatar a yi masa dogon bayani a kan amfanin dam. Wani kamfani na ƙasar Holan mai suna NEDECO ya tsara aikin, aka nufi shayar da hekta 22,000 a kashin farko, a yankin da a yau ya ƙunshi ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam, ko da yake abin da aka kammala tsawon shekaru bai kai haka ba. Hikimar aikin ita ce ruwa yana gangarowa da kansa daga Tiga, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rabu cikin magudanai har bakin gona ba tare da inji ba. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya.

Saurayin da yake da shekara 25 ranar da aka gama Tiga, yau ya haura 75. Wato su baffa su ne zuriyar farko da ta yi ƙuruciyarta da ruwan nan, kuma su ne na farko da suka tsufa a cikinsa. Babu wanda ya riga su balle ya gaya musu yadda abin yake.

Kafin ruwa ya shiga gona sai an baje ta. Aka karɓi gonaki, katafila ta daidaita su, aka cire wani kaso domin magudanai da hanyoyi, aka mayar wa mutane da saura a sabon fasali. A wajen bajewar nan itatuwa da yawa suka tafi, ɗorawa da tsamiya da kuka, waɗanda kaka ya dasa ko ya bari domin jika. Dubban mutane kuma aka tasa daga inda tafkin Tiga ya mamaye. Wanda ya san cewa kalwa da daddawa jarin tsohuwa ne zai gane cewa ba inuwa kaɗai aka sare ba. Amma tsofaffin matan wancan zamani ba su naɗe hannu ba. Da yake kulle bai hau kansu ba, su ne suka fita ƙwadago da kalar alkama a sababbin gonaki, har ma a 1977 matan da ke tsinkar wake a gonar wani kamfanin Turai mai suna BUD suka yi yajin aiki domin a ƙara musu lada, abin da mai bincike Sam Jackson ta rubuta a 1978. Ina ambaton wannan ne domin mu tuna cewa tsohuwar da muke gani a ƙuryar ɗaki tana jan carbi wataƙila ta taɓa tsayawa gaban Bature ta ce ba ta yarda ba.

Alherin ruwan nan ba ya ɓoyuwa, kuma butulci ne a musa shi. Rufin kwano ya maye gurbin na ciyawa, mutane sun je Hajji da kuɗin tumatir, an sa yara a makaranta. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 manoman Kadawa sun ga kuɗi, kafin a janye hanin a 1992. Kura ta zama cibiyar shinkafa, Kwanar Gafan ta zama kasuwar da motocin Kudu ke layi domin tumatir.

Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan da lokaci aka saye shi. Rani, wanda a da shi ne rabon dattijo, ya zama lokacin da ya fi kowane matsi. Ruwa yana da layi, idan layinka ya zo da tsakar dare to da tsakar dare za ka fita. Tumatir ba ya jiran a gama zaman makoki. Daga girbin shinkafar damina sai gyaran gonar alkama, daga alkama sai masara ko albasa, shekara ta zama zobe babu bakin shiga. Noman kuma ya zama na kuɗi: taki, iri, maganin feshi, hayar tarakta, ladan 'yan ƙwadago, kuɗin ruwa. Saurayin da ya samu jari zai karɓi hayar gona ya noma abinsa ba tare da ya jira gado ba, wanda bai samu ba zai yi ƙwadago a biya shi da yamma. Kowanne daga cikinsu ya daina dogara da rumbun uba. Ilmin dattijo ma ya rage kasuwa, domin shi ya san alamun hadari da irin geron da ya dace da jigawa, su kuwa tambayarsu ita ce wane feshi ne ke kashe tsutsar da ta cinye tumatir a 2016. Da wayar salula ta zo daga 2001, sai ta cike sauran gurbin: ɗa yana iya gaida mahaifinsa cikin minti ɗaya, ya turo kuɗi, ya ji a ransa ya sauke nauyi. Karofi kuwa tuni yadin kanti ya rufe yawancinsu, mazari ya zama abin tarihi.

YADDA LEDA TAKE CIKA

Tarihin magani a karkara shi ma ya juya a daidai waɗannan shekaru. A da mai ciwo yana da wanzami, da mai saiwa da sassaƙe, da malamin da zai yi masa rubutu da tofi, sai kuma ɗakin shan magani na En'e idan yana kusa. Duk cikinsu babu wanda za ka je wurinsa ba ka zauna ka yi bayani ba. Shekarun arzikin man fetur sun kawo asibitoci, amma da tsarin tsuke bakin aljihu ya zo a 1986, sai ya zama likita ya rubuta, a ce maka babu, je ka saya a waje. Kemis ya cike wannan giɓi, ya shiga kowane ƙauye, yana sayo kaya daga kasuwar Sabon Gari a Kano. A doka, mai irin wannan shago magungunan da ba su buƙatar takardar likita kaɗai aka yarje masa ya sayar, amma a aikace shi ne likitan unguwa, shi ne mai allura, kuma yana ba da bashi. Hukuma ta yi ta ƙoƙari: an kafa NAFDAC a 1993, an hana maganin tari mai kodin a 2018, an tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar cibiya a Dangwauro a 2024. Galibin hankali ya tafi ne ga jabun magani da shaye-shayen matasa. Dattijon da ke shan magani na gaskiya iri 9 a lokaci ɗaya, bisa kyakkyawar niyyar 'ya'yansa, ba ya cikin lissafin kowa.

Ga yadda wani likita ya warware mini ledar baffa, kuma na ga ya kamata in kawo shi dalla-dalla, domin labarin gidaje da yawa ne. Shekara 40 na tsayuwa cikin taɓon shinkafa sun cinye gwiwa da ƙugu. Sai aka fara sayo masa diklofenak, kullum, wata da watanni. Wannan magani da danginsa irin su ibufurofen suna kashe zafi, amma idan aka daɗe ana sha suna ɗaga hawan jini, suna cin bangon ciki, suna wahalar da ƙoda. Jini ya hau, aka je asibiti, ba a ambaci maganin gwiwa ba domin ba a ɗauke shi a bakin komai ba, aka rubuta amlodifin. Shi kuma sananne ne da kumbura ƙafa. Da ƙafa ta kumbura sai aka samo furosemaid, mai sa fitsari. Fitsari ya hana barci, ga tunani da ma yana hanawa, sai maƙwabci ya kawo dayazefam. Aka ƙara lisinofiril domin jinin bai sauka ba, shi kuma yana sa wasu busasshen tari, sai ga kwalbar maganin tari. Ga kuma haɗi, wato ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a 'yar leda babu suna, waɗanda sau da yawa akan tarar da deksametason ko firedinisolon a ciki. Suna sa mutum ya ji garau kwana biyu, amma suna ɗaga sukari da jini, suna raunana ƙashi. Likitan ya ce haɗuwar maganin zafi da mai sa fitsari da lisinofiril a jikin tsoho tana daga cikin sanannun hanyoyin lalacewar ƙoda.

Wata asuba baffa ya tashi zai tafi masallaci, maganin barci bai sake shi ba, jiri ya kwashe shi ya faɗi a bakin zaure. 'Ya'yansa, saboda tausayi, suka ce daga yau ya riƙa salla a gida. Ka duba wannan da kyau, ya ɗan'uwa. Masallaci shi ne wuri na ƙarshe da ya rage masa inda yake ganin sa'o'insa sau biyar a yini, inda idan ba a gan shi ba za a tambaya. Magani ya kayar da shi, faɗuwa ta raba shi da jam'i, rabuwa da jam'i ta ƙara masa tunani da rashin barci, rashin barci kuma ya nemi ƙarin magani.

Masana sun daɗe da sanin wannan. Jikin tsoho ba ya fitar da magani da sauri kamar na saurayi, domin ƙoda da hanta sun rage ƙarfi, saboda haka abin da zai bar jikin ɗan shekara 30 kafin safiya yana iya kwana biyu a jikin ɗan 75. A 1991 wani likita a Amurka mai suna Mark Beers ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi taka-tsantsan da su ga tsofaffi, ana sabunta jerin har yau, kuma dangin dayazefam suna ciki, haka ma gilibenkilamaid na ciwon sukari, wanda kan sa sukari ya faɗi warwas, musamman ga tsohon da ya ɗauki azumi bai nemi shawarar likita ba. Irin wannan faɗuwar sukari tana zuwa da gumi da ruɗewa da sambatu, har a zaci gigin tsufa ne ko shafar aljanu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangami a kan cutarwar da ke zuwa ta hanyar magani, ta sa tara magunguna cikin manyan abubuwan da za a sa wa ido. Ma'aunin da aka fi amfani da shi kuwa shi ne magani 5 ko fiye a lokaci ɗaya.

CIWON DA BA A FAƊAR SUNANSA

Matar baffa, wadda suka yi shekara 50 tare, ta rasu shekara biyu kafin wannan ziyara. Bai taɓa ce wa kowa yana kewarta ba. Dattijon Bahaushe ba ya faɗar haka, kunya da dattako ba za su bar shi ba, yana kuma tsoron kada a ce bai yi haƙuri da ƙaddara ba. Abin da zai ce shi ne jikinsa babu ƙarfi, abinci ba ya masa daɗi, ƙirjinsa ya yi nauyi, barci ba ya zuwa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da ƙwayarta a kemis. Haka ciwon damuwa yake shiga da rigar ciwon jiki, a yi ta yi wa rigar magani.

Kada a ce wannan cutar Turawa ce. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa na Jami'ar Ibadan sun bincika tsofaffi 2,152 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarabawa, suka wallafa a mujallar Lancet a 2007 cewa kimanin 26 cikin 100 sun taɓa fama da ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu, 7 cikin 100 kuma a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Waɗannan mutane ne masu dangi da zumunci kamar mu. Da Birtaniya ta naɗa minista mai kula da kaɗaici a 2018, Jafan ta bi sahu a 2021, da yawa daga cikinmu dariya muka yi, muka ce ga sakamakon watsar da iyaye. Sai ga rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na watan Yunin 2025 yana cewa mutum 1 cikin 6 a duniya yana fama da kaɗaici, ana danganta shi da mutuwar kimanin mutum 871,000 a shekara, kuma ya fi yawa a ƙasashe matalauta, inda ya kai kusan 24 cikin 100, alhali a ƙasashe masu arziki kusan 11 ne. Ashe dariyar ba ta kamace mu ba.

Abin takaici shi ne magabatanmu sun riga kowa fahimtar wannan. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus a kan lafiyar jiki da ta rai tare. Ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sababinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, wanda ake magancewa da magana mai daɗi daga waje da gyaran tunani daga ciki, da kuma wanda yake sauka babu sababi bayyananne, wanda ya danganta da jiki ya ce yana buƙatar magani. Ya kuma gargaɗi mai fama da waswasi da ya guji zaman kaɗaici da zaman banza. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kawo a cikin Zadul Ma'ad ƙa'idar da likitocin zamaninsa suka yarda da ita, cewa ba a zuwa ga magani matuƙar abinci zai wadatar, ba a kuma zuwa ga haɗaɗɗen magani matuƙar guda ɗaya zai yi. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa bayan wafatin Manzon Allah (SAW), Sayyidina Abubakar ya nemi Sayyidina Umar su je su ziyarci Ummu Aiman, domin Manzo ya kasance yana ziyartarta. Shugaban al'umma ne da wanda zai gaje shi, da dukkan nauyin da ke kansu, suka tafi da ƙafarsu wurin tsohuwa, suka zauna har suka yi kuka tare da ita. Ayar Suratul Isra'i da kowa ya haddace a kan iyaye ma, da ta zo maganar tsufansu, a wurin ɗa ta ajiye su, abin da ta fara nema daga gare shi kuma shi ne irin maganar da zai yi musu. Mai turo kuɗi daga nesa yana da lada in Allah Ya so, amma magana sai da zama.

A ɓangaren hukuma tafiyar ta yi jinkiri. Dokar da ta yi mulkin lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijeriya tun 1958, wadda asalinta na 1916 ne, ta tsare mahaukaci ce kawai, sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwa. Cibiyar farko ta kula da lafiyar tsofaffi an buɗe ta ne a asibitin koyarwa na Ibadan a 2012. Amma akwai darasi a abin da Dakta Thomas Adeoye Lambo ya yi a Aro kusa da Abeokuta tun 1954, inda ya sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowanne tare da ɗan'uwansa, suna karɓar maganin asibiti suna kuma rayuwa cikin jama'a. Bai yarda a raba magani da mutane ba.

Mun ɗauki ledar baffa gaba ɗaya, har da gorar jiƙon da 'yan ƙulle-ƙullen haɗi, muka kai gaban likita guda ɗaya. Ina jaddada wannan: ba mu muka zubar da komai da kanmu ba, domin dakatar da maganin hawan jini ko na sukari kai tsaye hatsari ne, maganin barcin ma a hankali aka riƙa rage shi cikin makonni. Aka auna ƙoda, aka canza wasu, aka soke wasu, 9 suka koma 4, aka rubuta su a kati ɗaya da sharaɗin duk wanda zai ƙara wani abu sai ya ga katin. Likitan ya daɗe yana yi masa tambayoyi a kan barci da abinci da marigayiya, ya ce a dawo da shi bayan wata guda domin ya ga ko damuwar tana buƙatar nata maganin.

Sauran aikin a zaure aka yi shi. Na tara 'yan'uwana, muka yi magana mai ɗan zafi. Babbansu ya ce mini, "Yaya, kai kana birni kana ɗaukar albashi. Mu idan muka zauna, wa zai ba alkama ruwa?" Ban sami amsar da zan ba shi ba, domin gaskiya ya faɗa, ni ma sau biyu na zo a shekarar. A ƙarshe aka sa wani jika ɗan shekara 12 ya riƙa riƙe hannun kakansa zuwa masallaci, aka kuma yarda a dawo da ciyayya, kowa ya fito da kwanonsa zaure bayan isha'i.

Da na koma bayan Babbar Salla na tarar kumburin ƙafar ya saɓe, tarin ya tsaya, ya koma sahun farko. Har yanzu yakan yi shiru mai tsawo idan aka ambaci marigayiya. Ya kuma kawo mini ƙarar ɗan autansa, wai sau uku a makon nan bai zo ciyayya ba. Da na tambayi yaron, sai ya ce shinkafa yake dasawa, 'yan ƙwadago kuma ba su tashi sai duhu ya yi.